Yadda za ka ciyar da kyanwa ba tare da ka cuce ta da gata ba

Shekarar farko da na riƙe kyanwata Toka, abin da na ci shi take ci. Da na zauna gaban kwano sai ta zo ta kafe ni da ido, ni kuma zuciyata ta karye, in ɗebo in ajiye mata. Da safe madara a ɗan faranti, da rana shinkafa da romo, ranar da na ji daɗi kuma in yanka mata hanta ta ci ta ƙoshi. A ganina gata nake yi mata. Gashinta ya dushe, zawo ya ƙi tsayawa, kullum tana kwance kamar wadda aka yi wa duka. Da na kai ta wurin likitan dabbobi, bai fara da komai ba sai tambayar me take ci. Na lissafa masa har da alfahari. Ya bari na gama, sannan ya ce a duk abin da na lissafa hantar ce kaɗai abincin kyanwa, ita ɗin ma na wuce da ita gona da iri.

Tun daga ranar, in zan sa wani abu a kwanonta, ɓera nake fara tunawa. Kyanwar da ke farauta ba ta zaɓen tsoka ta bar saura. Tana cinye ɓeran dungurungum: nama, ƙashi, zuciya, hanta, kitse, da ruwan jikinsa wanda ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinsa. Kuma ba ta cika ciki a zama ɗaya, ƙananan abin farauta take kamawa, takwas ko goma a yini. Duk wani abincin kyanwa mai kyau, na gwangwani ne ko na gida, ƙoƙari ne na kwaikwayon wannan ɓeran.

Dalilin da ya sa ba za ta rayu da kyau a kan hatsi da ganye ba yana cikin halittarta. Akwai wani sinadari da ake kira taurin, wanda jikin mutum da na kare ke iya haɗa wa kansu, amma na kyanwa ba ya haɗa isasshe, dole ta same shi daga nama. In ta rasa shi, ba a ganin komai a makon farko ko watan farko. A hankali bayan idonta ke lalacewa har ta makance, tsokar zuciyarta ta saki ta kasa harba jini. A 1975 aka tabbatar da alaƙarsa da makantar kyanwa, sannan a 1987 wani likitan dabbobi mai suna Paul Pion, tare da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, suka nuna cewa ciwon zuciyar da ke kashe kyanwoyi da yawa a lokacin rashin taurin ne, kuma yana iya warkewa in aka mayar musu da shi. Bayan nan ne masu sarrafa abincin kyanwa suka ƙara yawansa. Wannan ma shi ya sa abincin kare bai dace da ita ba, ko da buhunan sun yi kama. Haka batun bitamin A: kai in ka ci karas jikinka zai juya shi ya zama bitamin ɗin, ita ba ta iyawa, sai ta same shi a shirye daga jikin dabba. Ko zaƙi ba ta ji. Masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya sun nuna a 2005 cewa ƙwayar halittar da ke sa harshe ya ji zaƙi ba ta aiki a jikin kyanwa. In ka ga tana lasar kek, man da ke ciki take bi.

To me za ka saya? Kar hoton kifin da ke jikin leda ya ruɗe ka, juya bayanta ka karanta ƙananan rubutun. Kalmar da nake nema ita ce “complete”, wato abincin ya ƙunshi duk abin da jikinta ke buƙata ko da shi kaɗai take ci. Wanda aka rubuta wa “complementary” ɗan ƙwalama ne, ba a rayuwa a kansa. Sau da yawa za ka ga an ambaci ma'aunin AAFCO na Amurka ko na FEDIAF na Turai, ƙungiyoyin da ke tsara abin da ya kamata abincin dabbobi ya ƙunsa. A ma'aunin AAFCO, furotin ba zai gaza kashi 26 cikin 100 na busasshen nauyin abincin babbar kyanwa ba, na masu tasowa kuwa 30. Sai ka duba ko an yi shi don shekarunta, ka kuma duba jerin kayan haɗin: ina son ganin nama a farko, an kuma faɗi na wace dabba ce.

Batun busasshe da mai ruwa shi ne inda na fi yin gardama da masu kyanwa. Busasshen yana da sauƙin ajiya, ba ya saurin lalacewa, amma ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Na gwangwani ko na 'yar leda ya kai 75 zuwa 80, kusa da na ɓera ke nan. Kakannin kyanwar gida kyanwoyin daji ne na busassun ƙasashe, waɗanda suka saba samun ruwansu daga abin da suka kama, shi ya sa har yau ƙishirwa ba ta saurin tura ta bakin kwano. Wadda ke cin busasshe zalla tana sha, amma sau da yawa ba ta cike giɓin, fitsarinta ya yi kauri. Ga muzuru abin ya fi haɗari domin hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa. In ka ga muzuru yana ta zirga-zirga wurin bahayarsa, yana durƙusawa yana kuka babu abin da ke fitowa, kar ka jira gari ya waye. Kwana ɗaya ko biyu sun isa su kashe shi.

Ni dai haɗawa nake yi: mai ruwa safe da yamma, ɗan busasshe a auna da rana. Gaba ɗaya, kyanwa na buƙatar ruwa kamar mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a yini, har da wanda ke cikin abinci. Kwanon ruwa kuma na raba shi da na abinci, na nisanta duka biyun daga wurin bahaya. Toka ta fi shan ruwa tun da na ajiye mata kwanoni biyu a ɗakuna daban, masu faɗi waɗanda gashin bakinta ba ya gogar gefensu. Kullum nake zubar da na jiya in wanke.

Sai awo, wanda shi ne abin da mutane suka fi ƙi. Kyanwa mai kilo 4 da aka yi wa aikin hana haihuwa, mai zaman ɗaki, kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) 200 zuwa 250 ya ishe ta a yini. In busasshe ne zalla, giram 55 zuwa 65 ke nan, ya danganta da irinsa. Ranar da na fara ɗora wannan a sikelin kicin sai da na yi dariya, domin bai cika tafin hannu biyu ba, alhali da can tuttula mata nake yi har kwano ya yi tozo. Awo da kofi yana yaudara, sikeli ba ya yi. Adadin da aka rubuta a jikin buhu mafari ne kawai, jikinta ne zai gaya maka gaskiya. Shafa gefen ƙirjinta: ya kamata ka ji haƙarƙarinta a ƙarƙashin ɗan siririn kitse, kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka. In sai ka danna kafin ka ji su, ta yi ƙiba. Ka kuma leƙo ta daga sama tana tsaye, ka ga ko akwai ɗan ƙugu bayan haƙarƙari. Teɓa a jikin kyanwa tana ba mutane sha'awa, amma ita ce ƙofar ciwon sukari da ciwon gaɓoɓi. Ƙwalama duk kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini, komai kukan da za ta yi maka. Kuma za ta yi.

In ta riga ta yi ƙiba, a hankali ake sauke ta, kamar kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako. Kada ka taɓa horar da ita da yunwa. Kyanwa mai ƙiba in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitsen jikinta na kwarara zuwa hanta ya cushe ta, kuma ciwo ne mai kisa. Saboda haka nake ɗaukar ƙin cin abinci da muhimmanci: yini guda cur ba ta taɓa kwano ba, ina kiran likita. Canjin abinci ma haka, kwana 7 zuwa 10 nake ɗauka, ina ƙara sabon ina rage tsohon. In ta yi wa sabon kallon raini, ɗan ɗumama shi, ƙamshi ne ke jan ta.

'Ya'yan kyanwa suna fara lasar abinci a wajen mako 4, a yaye su a wajen mako 8. Su sau uku ko huɗu ake ba su a yini, abincin masu tasowa har su shekara. Uwa mai ciki ko mai shayarwa ma shi ya dace da ita, mai shayarwar kuwa a bar ta ta ci iya cinta.

Madarar da na riƙa ba Toka ita ce sanadin zawon. Bayan yaye, yawancin kyanwoyi suna rasa abin da ke narkar da sukarin madara. Romon kuma ya fi madarar muni, domin akwai albasa da tafarnuwa a ciki, su kuwa ɗanye ko dafaffe ko gari, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. Cakulan, gahawa, barasa da inabi duk a nisanta su. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soke hanji. Ɗanyen kifi, wasu irinsa na ɗauke da abin da ke lalata bitamin B1, kifin gwangwani na mutane kuma gishiri ya yi masa yawa kuma bai cika abinci ba. Abin da na fi so kowa ya riƙe ba ma abinci ba ne: farasitamol. Ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Furen ado da ake kira lili ma haka, ko garin furen ta lasa daga gashinta yana iya kashe mata ƙoda.

Wanda yake son dafa mata da kansa, ana iyawa, amma ya fi yadda ake zato wuya. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsoka zalla. Tsoka na da sinadarin fosforas da yawa, kalsiyam mai gina ƙashi kuma kaɗan, sai jiki ya riƙa zarar kalsiyam daga ƙashi, har ka ga ɗan kyanwa ƙafafunsa sun lanƙwashe ko sun karye daga ɗan tsalle. Hanta kuma in ta yi yawa, bitamin A ya taru, ƙashin wuya ya yi tsiro ya sandare. Don haka in girkin gida zai zama abincinta na kullum, a karɓo tsarin haɗi daga likitan da ya san abincin dabbobi, a bi shi da awo, har da ƙarin sinadaran da ya rubuta. Ni ban kai can ba. Abin da nake yi, sau ɗaya ko biyu a mako, shi ne in dafa mata cinyar kaza da zuciya a ruwa zalla, ba gishiri ba kayan ƙamshi, in zare ƙashin, in zuba mata har da ruwan dahuwar, domin taurin yana narkewa ya koma cikinsa. Hanta kuwa yanzu ɗan yanki take samu kamar kan babban yatsa, sau ɗaya a mako.

Ranar ɗaya ga kowane wata nake auna ta. Sai in hau sikeli ni kaɗai, in sake hawa da ita a hannu, in cire. Kilo 4.1 take tun bara, in ta ƙaru da giram 200 sai in rage giram 5 daga busasshen rana, in sake dubawa bayan mako biyu.