Ga masu niyyar hawa Dutsen Kwatarkwashi

Jama'a, masu shirin zuwa Kwatarkwashi a hutun nan, ga 'yar shawara. Garin yana ƙaramar hukumar Bunguɗu, a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe. Kafin ku tashi, ku kira wani ɗan garin ku ji halin tsaro, don Allah kada a yi wasa da wannan.

Ku fara hawa da sassafe, domin da rana ta take dutsen zafi yake ɗauka sosai. A bar silifas a gida, a sa kambas mai kama ƙasa, kowa da gorar ruwansa. In an yi ruwan sama ku haƙura, santsi gare shi. Ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora, ku sallame shi da kyau, kuma ku koma Gusau kafin la'asar.