Karanta gindin kwanso: yadda ake gane tsofaffin harsasan soja, da abin da doka ta ce kan shigo da su

Harsashin da ake kira rarar soja shi ne wanda aka ƙera wa rundunar wata ƙasa, ya daɗe a rumbu, daga baya aka sayar da shi. Mai son gane asalinsa, ɗan jarida ne ko mai bincike ko jami'in kwastam, kada ya fara da launin da ke kan tsinin harsashin. A gindin kwanso labarin yake.

Fara da awo. Lambar farko a sunan harsashi kimanin kaurin ƙwayarsa ce, ta biyu kuma tsawon kwanso a milimita. Kwanson 7.62x39 na AK-47 gajere ne, bai cika milimita 39 ba, kuma jikinsa yana tsukewa sosai zuwa wuya. Na 7.62x51, wanda bindigogin G3 da FN FAL suke ci, ya fi shi tsawo da miƙewa. Akwai kuma biyu masu leɓe a gindi, kamar bakin faranti: 7.62x54R na bindigar PKM, da .303 na Ingila (awon inci ne wannan) wanda bindigar Lee-Enfield take ci, mai tsawon kusan milimita 56. Wannan leɓen kaɗai ya isa ya raba su da sauran. Inda ake yawan tafka kuskure shi ne a ji "7.62" a ɗauka duk ɗaya ne, alhali ukun nan masu 7.62 babu wanda yake shiga bindigar ɗan'uwansa.

Sai hatimi. Goge gindin da tsumma, ka haska fitila daga gefe don rubutun ya fito. Ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta sun fi buga lambobi biyu: ta sama masana'anta, ta ƙasa shekara. 539 Tula ce, 3 Ulyanobsk, 17 Barnaul, 188 Nobosibirsk, duk a Rasha. 10 ta Bulgeriya ce, yayin da 31 da 61 da 71 na Sin ne. Don haka 539 a sama da 78 a ƙasa na nufin Tula, 1978. A kula da 21, domin Polan da Hungari duk sun yi amfani da ita, sai an haɗa da irin ƙarfen kwanson da siffar rubutun kafin a yanke hukunci. Ƙasashen Yamma haruffa suke sa wa: LC ta Lake City ce a Amurka, RG ta Radway Green a Ingila, FN ta Beljiyam, POF ta Pakistan. Ɗan gicciye a cikin da'ira alama ce ta ma'aunin NATO. Wanda ya ga OFN, to ƙirar gida ce, daga masana'antar DICON ta Kaduna da aka kafa a 1964.

Hatimin yana faɗin inda aka ƙera ne kawai, ba hannun da ya bi ba. Harsashi ɗaya kan ratsa ƙasashe uku kafin ya iso inda aka tsince shi. Lambar rukuni da ke jikin akwati ta fi amfani wajen bin sawu.

Launin kai yana taimakawa, amma sai bayan an san ƙasar. Kore a tsarin Sobiyet harsashi ne mai barin layin haske idan ya fita, kore a 5.56 na Amurka kuwa M855 ne, mai ɗan ƙarfe a cikin kai. A tsarin NATO ja ko ruwan lemo shi ne mai haske, baƙi mai huda sulke. Shi ma gwajin maganaɗisu yana yaudara: harsasan Gabas da yawa rigar ƙwayarsu ƙarfe ce da aka shafe da jan ƙarfe, sai maganaɗisu ya kama ko da cikin darma ce zalla.

Idan kwanson fanko ne, leƙa ciki. Ƙananan ramuka biyu alamar hular Berdan ce (hula ita ce ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi), wadda ta fi yawa a Turai da Asiya, rami ɗaya a tsakiya kuma Boxer, irin ta Amurka. Tsofaffin huluna da yawa suna barin gishiri a bututun bindiga, ya jawo danshi, tsatsa ta kama cikin kwana ɗaya ko biyu. Man goge bindiga ba ya narkar da gishirin, ruwa ne yake wanke shi. Harsashin da ya yi koren tsatsa ko wuyansa ya tsage ya lalace, yana iya jinkirin tashi bayan an ja kunama.

A Amurka, wadda ita ce babbar kasuwar wannan kaya, dokar 1968 ta wajabta samun izinin ATF, hukumar da ke kula da makamai, ta takardar da ake kira Form 6, kuma sai an amince harsashin ya dace da farauta ko wasan harbi. An rufe ƙofar harsasan bindigogin Sin a 1994. A 2014 ATF ta hana shigar harsashin Rasha 7N6 na 5.45x39 bisa cewa mai huda sulke ne, sannan a 2021 takunkumi ya dakatar da sababbin izinin shigo da harsasan Rasha.

A Najeriya lamarin ya fi tsauri nesa ba kusa ba. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu awon 7.62 da .303 cikin haramtattu, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da lasisinsu, kuma harsasansu ma ba a riƙe su ba tare da lasisi ba. Shigo da su ba bisa ƙa'ida ba ɗaurin aƙalla shekara goma ne. Hukumomin tsaro su kansu sai da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 da ta sa sai an nemi sahalewar ƙungiyar kafin a shigo da ƙananan makamai da harsasansu.

Saboda haka wanda ya tsinci harsashi a gona ko bakin hanya kada ya sa a aljihu, kada ya bar yara su buga shi da dutse ko su jefa a wuta. Ya ɗauki hoton gindin da na gefe, da wani abin awo a kusa, ya lura da wurin, sannan ya sanar da 'yan sanda su zo su ɗauka.