Yadda zaka riƙe darasin tafiyar jijiyoyi da takarda ɗaya

Ƙannena masu karatun likita a Garwa, ku bar haddar sunayen sinadaran da ke nuna wa jijiyoyi hanya a jikin ɗan tayi a bushe, wallahi ranar jarabawa tserewa zasuyi. Ga yadda nake yi.

Ɗauki farar takarda ka ja layi daga sama har ƙasa, tsakiyar lakar ɗan tayi kenan, ka ɗauka kogin Binuwai ne. A gefe ɗaya zana ƙwayar jijiya da dogon zarenta wato akson, a bakin zaren kayi wani abu kamar tafin hannu mai yatsu. Shi ke gaba yana lalube, yatsun su miƙe su janye su sake miƙewa. Masanin jijiyoyi Cajal ɗan Sifen ne ya fara bayaninsa tun 1890 a ɗan tayin kaza.

Sai ka rubuta netirin, sinadarin da ke nuna wa zaren hanya, kusa da layin. Nan fa mutane ke faɗuwa, su ce netirin "jawowa yake" shikenan. A'a. Sinadari ɗaya ne amma ya danganta da makarɓin da ke jikin zaren, in DCC ne sai ya nufo, in akwai UNC5 sai ya juya baya, kamar ƙamshin soyayyen kifi a bakin gada, mai yunwa ya matso ita kuwa mai laulayi ta toshe hanci ta canja hanya alhali kifin bai canja ba.

To zaren mai DCC ya nufo layin har ya haye, me zai hana shi dawowa tunda netirin na nan? Rubuta silit a kan layin, shima sinadari ne, aikinsa kora, makarɓinsa Robo. Kafin hayewa an danne aikin Robo, yana hayewa sai ya farka, zaren yaji korar ya ƙara gaba. Ƙudan 'ya'yan itace da Robo ɗinsa ya lalace zarensa haye ya dawo haye ya dawo yake, kamar mai moto da ya rasa mafita a shataletale, sunan Robo ma daga nan ya samo asali, daga "roundabout" wato shataletale da Turanci.

Semaforin da efirin suma sinadarai ne, saka su a gefe, yawanci shinge ne.

Daga nan kife takardar ka sake zanawa daga ka. In ka kai DCC ka dunƙule hannun dama ka kalli na hagu, akwai masu matsala a ƙwayar gadon DCC da in sun dunƙule na dama na hagunsu ke dunƙulewa shima ba da sonsu ba.