Kafin ka sayi keke a Ingila, karanta takardar haya

Tun da na zo hutu Gombe, kusan kullum sai wani yaron da ya samu gurbin karatu a Ingila ya tare ni a majalisarmu ta Pantami: "Yaya, gasar nan taku ta iyo da keke da gudu, ya ake shiga?" Hotunan da nake sawa a Facebook ne suka jawo min. Ga amsa, na gaji da maimaitawa.

Tirayatlon ake ce mata. Gajeren zango iyo ne na mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5, na Olamfik kuwa ninkinsa. Hukumar British Triathlon ce uwa, an kuma raba Ingila shiyya-shiyya, kowace da kwamitinta. Tun hunturu ake fara sakin tsarin kakar da ke tafe: gasar yara, kwas na alƙalai da masu horarwa, da ranakun gasa, yawanci daga Mayu zuwa Satumba. Rajista a waya ake yi, ko ka biya na shekara ko ka yanki izinin rana ɗaya. Gudu ba ya ba ɗan Arewa tsoro, na ga yaranmu sun bar Turawa da haki a Lids, garin su Alistair Brownlee mai zinaren tirayatlon a Olamfik na 2012 da 2016. Ruwa kam wani abu ne. Wanda ya saba da ɗumin Wikki, digiri 31, ya faɗa tafki a watan Mayu, sai ya tuna sunan kakarsa. Ka nemi rigar roba, ko ta haya.

Inda aka yi min aski ba sabulu shi ne gida. Ganin jadawali, sai zumuɗi ya ɗebe ni na sayi keken tsere na hannu, da kuɗin da na tara daga aikin awa 20 a mako da bizar ɗalibi ta yarda. Na bar shi a waje kwana biyu, aka kwance sirdin. Sai na koma kinkimarsa a kafaɗa zuwa hawa na biyu. Ashe a takardar hayar da na sa wa hannu ba tare da na karanta ba, an hana shigar da keke ɗaki. Da zan tashi, mai gidan ya zo da wayarsa yana ɗaukar hoton kowane baƙin tabon taya a bangon matakala, har da man sarƙa a kafet. Wasu tabban na tarar da su, wallahi, amma ina shaida? Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba ranar da na shiga. Ya zaftare fiye da rabin kuɗin ajiyata, wato wanda na ba shi jingina lokacin kama gidan, ni kuma na yi shiru don kunya irin tamu.

Daga baya na san cewa dokar 2019 ta hana kuɗin ajiya ya wuce hayar mako 5 a irin gidajenmu, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Kana da damar ƙalubalantarsa kyauta. Bara na faɗa wa wani ƙanenmu ɗan Bauchi duk wannan, ya ce "Yaya, mai gidan nan nawa fa yana da kirki." Yanzu kekensa yana ɗakin ajiyata, a kan nawa.