Kuɗin masoya bashi ne: inda makaɗan metal ke tuntuɓe a karo-karon intanet

Ƙungiyar metal (wani nau'in kiɗan rock mai tsananin ƙara) mai zaman kanta ba ta ci da ƙoshi daga Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet. Tun 2024 ma, waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, ko sisi ba ta kawowa a can. Rediyo kuwa ba ya son kiɗa mai ƙara da waƙar minti goma. Shi ya sa da yawansu suka koma ga masoyansu: a yi karo-karo ta Kickstarter ko Indiegogo ko Patreon, a haɗa kuɗin situdiyo ko na rangadi. Hanyar tana aiki. Matsalar ita ce makaɗa sukan ga kuɗin sun shigo su ɗauka riba ce, alhali kaya ne suka sayar ba su kai ba tukuna.

Kuskure na farko yana faruwa tun kafin a buɗe asusun. Sai mutum ya ji labarin ƙungiyar Protest the Hero ta Kanada, wadda a 2013 ta nemi dala 125,000 a Indiegogo ta samu sama da 340,000, ya ce shi ma zai gwada. Kama da wane ba ta wane. Kafin wannan rana 'yan Kanadan sun fitar da kundi uku, sun shekara fiye da goma suna yawon wasa gari-gari. Masoyan da suka tara ne suka biya, dandalin bai nemo musu kowa ba. Ƙungiyar da ba ta cika ƙaramin zaure a garinsu gara ta ƙirga mutanen da suka taɓa sa hannu a aljihu suka sayi riga ko faifai, ta gina abin da za ta nema a kan wannan adadin. Yawan masu bin shafi a Instagram ba ma'auni ba ne. A Kickstarter, in ba a kai adadin da aka yanka ba, ba a karɓar ko dala ɗaya.

Sai lissafi, kuma nan ne aka fi shan kashi. Kickstarter yana cire kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa biyan kuɗi su cire kashi 3 zuwa 5. Wato in an tara dala 20,000, kusan 2,000 sun tafi kafin a taɓa jita. Ga haraji, domin a ƙasashe da dama hukuma tana kallon kuɗin nan a matsayin ciniki. Ga buga faifan garmaho, wanda masoyan metal ke so kamar me. Amma babban mai cin kuɗi a ɓoye shi ne aikawa. Faifan garmaho yana da nauyi, yana lanƙwashewa, yana buƙatar kwali mai kauri, kuma masoyan metal a warwatse suke: ɗaya a Jamus, ɗaya a Chile, ɗaya a Japan. Wanda ya sa kuɗin aikawa iri ɗaya ga kowa zai wayi gari yana biya daga aljihunsa. Gyaran mai sauƙi ne, sai dai yana da gajiya: a haɗa kunshi ɗaya na gwaji, da kwalinsa da rigarsa, a kai gidan waya a ɗora a sikeli, a tambayi farashin kowace nahiya, sannan a yanka kuɗi. A ƙara wani abu a kai saboda kayan da za su ɓace a hanya ko su isa a fashe.

Kyaututtukan da ake yi wa masu bayarwa alkawari su ma tarko ne. Riga kala huɗu, hula, tuta, waƙa da aka rubuta da hannu, kiran bidiyo da mai ganga. Kowane ɗaya aiki ne da wani zai zauna ya yi, kuma mutanen da ya kamata su kasance a situdiyo su ne za su kwana suna liƙa adireshi. Uku ko huɗu sun isa, kuma a fifita abin da ake saukewa ta intanet.

Maganar lokaci kuwa, duk wanda ya taɓa kai wa tela ɗinkin sallah ya san ta: an karɓi kuɗi, an ce jibi, sai jibin ya ƙi zuwa. Ƙungiyar Wintersun ta ƙasar Finland ta fitar da kundin Time I a 2012, masoya suka zauna jiran kashi na biyu, bai fito ba sai 2024. A tsakani, a 2017, ƙungiyar ta tara sama da yuro 400,000 a Indiegogo don gina situdiyonta. A yi musu adalci, abin da suka sayar a wannan karon kundi ne da aka riga aka gama, The Forest Seasons, kuma ya isa hannun jama'a a shekarar. Wannan dabara ce mai kyau da ya kamata a kwaikwaya: a gama naɗa waƙoƙi, ko a kusa gamawa, kafin a miƙa ƙoƙon bara. Duk da haka dogon jiran Time II ya sa sunansu ya zama abin zolaya a tsakanin masu sauraron metal shekara da shekaru. In jinkiri ya zo, kamar yadda layin masana'antun buga faifai ya yi tsawo a 2021, a faɗa da wuri, a faɗi dalili. Masoyi yana haƙuri da jinkiri, shiru ne ba ya yafewa.

Akwai kuma dogaro da dandali ɗaya. PledgeMusic, wani dandalin karo-karo na Birtaniya, ya durƙushe a 2019 da kuɗin makaɗa a hannunsa. Masoya sun biya, kuɗin bai isa ga masu shi ba, kuma makaɗan ne aka bari da jin kunya. Kafin a sa hannu a tambaya: yaushe ake sakin kuɗin, kuma a asusun wa suke kwana? A kuma riƙe adireshin imel na kowane mai bayarwa a wajen dandalin, a buɗe shago a Bandcamp, dandalin da makaɗa ke sayar da waƙoƙinsu kai tsaye, don ko an rufe ƙofa ɗaya a san inda za a sami mutane.

Kuskure na ƙarshe shi ne ɗaukar karo-karo ɗaya a matsayin maganin talauci. Kundi yana cinye kuɗinsa ya ƙare, haya da abinci ba sa ƙarewa. Rangadi ma ba lallai ya ceci kowa ba: ga mota, ga biza, ga wasu gidajen wasa da ke yankar kasonsu daga cinikin riguna. Ne Obliviscaris ta Ostareliya ta tara kuɗin rangadin duniya ta karo-karo a 2014, ta je ta dawo, 'yan ƙungiyar suka ga har yanzu kiɗan bai ciyar da su ba. A 2016 suka buɗe Patreon, inda masoyi ke biyan wani abu kowane wata. Wasu sun soke su a lokacin, suna cewa roƙo ne. A ganina sun fi masu sukar gane lissafi, sai dai tsarin wata-wata yana da nasa nauyin: duk wata sai an ba mai biya wani abu sabo, bidiyon atisaye ko waƙar da ba a saki ba. Ƙungiyar da ba ta da mai ɗaukar wannan aikin kada ta fara, domin cire kati daga Patreon bai fi taɓa waya sau biyu ba.