Shawara ga ɗaliban da ke haɗa motar tsere

Assalamu alaikum ƙannena ɗaliban injiniya na nan Kumasi. Ga masu niyyar haɗa mota irin ta gasar Formula Student, wato gasar da ɗaliban jami'a ke ƙera ƙaramar motar tsere da kansu, shawarata ita ce ku leƙa Suame Magazin, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, kafin ku buɗe kwamfuta ku fara zane. Ku tafi da ma'auni, ku duba bututun ƙarfen da ake samu a kasuwa, kaurinsa da faɗinsa, sannan ku zauna da mai walda ku ji abin da hannunsa zai iya, domin zanen da ya dogara da ƙarfen da sai an yi odarsa daga waje yana cinye watanni. Na taɓa ganin firam ɗin mota (ƙashin jikinta na bututun ƙarfe) da zafin walda ya karkatar da shi saboda ba a ɗaure bututun a kan teburi mai ƙarfi ba, kuma wallahi abin ya dame ni, ganin irin wahalar da yaran suka sha.

Kada ƙarfin inji ya ɗauke muku hankali. Dokar gasar ta taƙaita faɗin maƙogwaron da iska ke bi ta shiga injin fetur zuwa milimita 20, don haka rage nauyi da zaɓen taya mai kyau sun fi amfani.

Ku kammala motar da wuri, ku gwada ta cikin zafin rana, saboda tseren juriya kilomita 22 ne, kuma a nan ne lagireto da birki suke nuna halinsu. Direba kuma ya riƙa gwada fita daga motar cikin daƙiƙa 5.