Kwalliyar ido: ki duba shigarki da harkarki kafin ki duba hoton wata

Sana'ata kwalliya ce, a Kano nake yin ta, kuma ba abin da ya fi ba ni wahala irin hoto. Mace za ta zauna a kujera ta miƙo mini waya ta ce irin wannan idon take so. In na duba sai in ga wata ce a Dubai ko Legas, an haske ta da fitilu, an kuma goge hoton tas. Ita kuwa mai kujerar malamar firamare ce, za ta hau adaidaita sahu cikin ranar Afrilu, ta yi alwala sau biyu kafin ta koma gida. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shi ya sa kafin in taɓa buroshi nake tambaya: wace irin shiga kika saba, ina za ki, kuma awa nawa kwalliyar za ta yi a fuskarki? Amsar ce take zaɓen kaya.

Akwai aikin da kowa za ta fara da shi. Fatar ido tana tsatso da maiƙo, kuma maiƙon nan shi ke tattara aishado, wato hodar kala da ake shafawa a fatar ido, ya taru a lanƙwasar ido tun kafin azahar. Ki wanke fuska, kada ki kai mai kan fatar idon, ki shafa firaima kaɗan, wato shimfiɗar da ke riƙe kwalliya, ko kansila, mai ɓoye tabo, ki danne da hoda. A kan baƙar fata da wankan tarwaɗa, ruwan ƙasa mai ɗumi, ruwan tagulla, ruwan gwal da ruwan hanta sun fi zama. Ruwan toka mai haske da farin azurfa sukan fito kamar ƙura ta bule ki, musamman da hunturu.

Mai son sauƙi

Ita ce wadda hijabinta ko mayafinta ba hayaniya, ba ta son a gane ta yi wani abu. Kayanta uku ne: fensir baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, maskara, da ɗan buroshin taje gira. Ki ɗaga fatar idon sama da yatsa, ki riƙa ɗiga fensirin a tsakanin tushen gashin ido, ba a samansa ba. Layin ba zai fito fili ba, amma gashin zai yi kamar ya ƙara cika. Maskara shafa ɗaya, daga tushe ki ɗan girgiza ki ja zuwa sama. Shi ke nan.

Gira kuwa ni ba na aske ta, ba na tsige ta. Hadisi ya hana, kuma ko a aikin ma ba a buƙata. Ki taje ta sama, ki cike inda ya yi gibi da jagira, gajerun zane masu bin kwanciyar gashin. In kina son ta fito tsaf, ki bi ƙasanta da kansila siriri ki baje. Wannan girar mai kusurwa huɗu da ake farowa baƙi ƙirin daga kan hanci, don Allah a bar ta. Farkon gira shi ne ya kamata ya fi ko'ina haske.

Mai niƙabi

Ita idon ne kaɗai ake gani, don haka ɗan abu kaɗan sai ya yi yawa. Tana da wata matsala da sauran ba su da ita: numfashi yana hawa ta cikin yadin ya bugi ƙasan ido, gumi ya taru, gefen niƙabin kuma yana goga. Duk abin da kika zizara a ƙasan ido, cikin awa ɗaya zai sauko. Ki tsaya a sama kawai, ki sa hoda a ƙasan idon, ki bar ƙyalƙyali don zai manne a yadin ya dawo miki cikin ido. A ganina mai niƙabi ta ajiye gwanintarta sai ta shiga gida ko taron mata. A can ta yi duk abin da 'yar gayu take yi.

Ma'aikaciya

Banki, asibiti, makaranta, ofis. Kala biyu marasa ƙyalli sun isa: wanda ya kusa da launin fatarki a kan fatar ido duka, da wanda ya ɗan fi shi duhu a lanƙwasa. Ki baje har a rasa inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya fara. Ailaina, wato layin da ake ja a bakin fatar ido, siririya, wutsiyarta kada ta wuce tsawon ƙwayar shinkafa.

Sai maganar alwala, wadda masu sayar da kaya ba sa gaya miki. Duk abin da aka rubuta ruwa ba ya wanke shi, an yi shi ne don ya kore ruwa, kuma gira da fatar ido suna cikin fuskar da dole ruwa ya game. Ga mai wuni a wurin aiki na fi son kayan da ruwa ke cirewa. Ki riƙe fensir da 'yar hoda a jaka, bayan sallah minti biyu kin mayar.

Idan kina sa tabarau, ki lura da irinsa. Gilashin wadda ba ta hangen nesa yana ƙanƙanta ido, don haka kada ki zagaye idon da baƙi, ki sa kala mai ɗan haske a tsakiyar fatar. Gilashin wadda ba ta ganin kusa kuwa ƙara girman ido yake, tare da duk kuskuren da ke kansa, sai a rage hannu a kuma baje sosai.

'Yar gayu

Wannan ba ta tsoron kala, kuma ina jin daɗin aiki da ita. Abin da ke kayar da ita ɗaya ne: son dacewa da anko. Atamfa kore, aishado kore, ɗankwali kore, sai fuskar ta ɓace a cikin kayan. Ki shimfiɗa atamfar ki nemi kalar da ta fi ƙaranci a zanen, wani ɗan ɗigon ruwan goro ko shuɗi, ita za ki ɗauka. Ita ma ba duk fatar ido za ta cika ba. Ki yi shimfiɗa da ruwan ƙasa, ki ɗora kalar a tsakiya da kan yatsa, ko ki ja ta siririya a ƙasan ido. Da abaya baƙa kuwa kina da 'yanci, ruwan hanta da gwal suna mata kyau ƙwarai.

Wutsiyar ailaina ita ce ake yawan tambayata. Ki kalli madubi kai tsaye, ido a buɗe, kada ki ja fatar da yatsa, don in kin saki layin zai karkace. Ki bi layin ƙasan idonki da kallo kamar ya ci gaba zuwa ƙarshen gira, nan ne hanyar wutsiyar. Ki sa ɗigo inda kike son ta tsaya, ki ja daga kusurwar ido zuwa ɗigon, ki dawo da layi zuwa tsakiyar fatar, ki cike. Ki fara da idon da ya fi ba ki wuya, ya fi sauƙi ki kwaikwaye shi a ɗayan. In fatar samanki tana rufe lanƙwasar ido, layi mai kauri zai cinye wurin gaba ɗaya. Ki yi shi siriri, duhun aishadon kuma ki ɗaga shi sama da lanƙwasar kaɗan yadda za a gan shi ido a buɗe.

Idan ido ya yi nauyi, janbaki ya yi sanyi. Ba a cika su biyu lokaci ɗaya sai a dina.

Hajiya

Leshi mai duwatsu, gwal a wuya da hannu, gwaggwaro. Ƙyalli ya riga ya isa a jikinta, ido ba ya buƙatar ƙari. Fata kuma in shekaru sun ja tana laushi, ƙyalƙyali sai ya shige cikin tamoji ya tona su. Nakan ce, Hajiya, a bar mini wannan, in ɗauki ruwan makuba ko ruwan ƙasa mara ƙyalli. Ailaina ta ruwa ba ta tafiya daidai a fatar da ta saki, fensir ya fi, a ja shi a murza da buroshi, a ɗan ɗaga ƙarshensa sama. A ƙasan ido hoda kaɗan ƙwarai. Da yawa daga cikinsu sukan ce ba a yi musu komai ba, sai an ɗauki hoto su yi shiru.

Mai kwallin gargajiya

A nan zan ɗan daɗe. Akwai matan da ba ruwansu da aishado, tandunsu na kwalli ya ishe su, irin wanda ake saye a Kurmi, kuma har yau ban ga fensirin da ya kai tozali mai kyau sa farin ido ya fito ba. Sa kwalli sunna ce, ismidi, wani irin dutsen kwalli, aka ambata a hadisi. Sai dai dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa a kasuwanninmu yawancinsa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, iyayensa 'yan Najeriya. Da aka bi diddigi sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, aka auna shi aka ga kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a sayar da irin wannan kwallin a ƙasar ba. Mu kuwa ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, ko da yake can daga niƙan dutsen zinare ta fito.

Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, ta nan take shiga, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Don haka jariri kada a sa masa, komai nacin kaka. Mai ciki da mai shayarwa su ma su haƙura. Rubuta ismidi a jikin kwalba ba shi ke nuna babu dalma a ciki ba. Idan irin kyan kwallin tandu kike so, ki nemi fensir mai laushi baƙi wuluk na kamfanin da aka sani, mai lambar NAFDAC, ki ja shi a cikin ido sama da ƙasa, ki runtse sau biyu, ki murza gefen da auduga. Zai ba ki kusan abin da tandu ke bayarwa.

Amarya

Amarya ba nau'in mace ba ce, ita ce dai wadda kika sani jiya. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki yarinyar da ba ta taɓa wuce kwalli ba a lafta mata fuskar da ko angon sai ya tambaya. Nakan ƙara mata mataki ɗaya ne ko biyu a kan abin da ta saba. Ranar kamu, da lalle da shigar gargajiya, baƙin layi da ruwan tagulla sun wadatar. Haka amaryar Barno cikin lafaya ranar wushe-wushe, yadin ya zagaye fuskar, ido mai duhu da aka baje ya fi kaloli. Dina ce wurin ƙyalƙyali, shi ma a tsakiyar fatar ido da kusurwar ciki kawai.

Za ta yi kuka, babu makawa, ranar kai ta ma ba a magana. A nan ne maskarar da ruwa ba ya wankewa take da amfani, a tsara lokacin kwalliyar da lokacin sallah. A ba babbar ƙawa tishu ta riƙa dannawa a ƙasan ido, ban da gogewa.

Gashin ido na kanti malamai da yawa sun hana shi, suna kwatanta shi da ƙarin gashi, ki tambayi malaminki kafin ranar. Wadda za ta sa, ta gwada gam ɗin a bayan kunne kwana biyu kafin biki, don wasu yana kumbura musu ido. A yanke shi daidai tsawon idon daga gefen waje, a bar gam ɗin ya sha iska kamar daƙiƙa 30 kafin a manna.

Wajen saye, ki juya bayan kwalin. Akwai hoton ɗan gwangwani a buɗe da rubutu irin 6M ko 12M, watannin da kayan zai yi ke nan bayan an buɗe shi. Maskara wata 3 ce, in ta bushe a yar, kada a zuba mata ruwa balle yawu. Kamfanonin gida irin su Zaron da House of Tara suna yin kalolin da suka dace da fatarmu, ba sai na waje ba. Fensir da maskara ba a aro, ko na 'yar uwarki ciki ɗaya, ta haka afolo ke zagaye gida. In kin je wurin mai kwalliya ki ga ta feƙe fensirin a gabanki, ko ki tafi da naki.

Da dare ki ɗiga man zaitun ko man goge kwalliya a auduga, ki ɗora a kan ido a rufe ki ƙirga ashirin, sannan ki share zuwa ƙasa a hankali. Ki bi tushen gashin da tsinken auduga, ki wanke da sabulun fuska.